Yatsun Baba a Shekarar Kaluluwa

Kaluluwar ta fito wa Baba a wuya, gefen hagu, a kakar shekara ta biyu da barinmu ƙauye. Mun baro gidanmu na kusa da Wagini ne lokacin da kwana a can ya gagara saboda 'yan bindiga, muka kama ɗakuna biyu a bayan gari a Batsari, Baba ya samu aron wata 'yar gona da ba ta da nisa da titi. Ni a lokacin ina aji biyu a kwalejin horar da malamai. Da farko ba wanda ya damu. Kowa ya san kaluluwa: ka ji ciwo a ƙafa ta fito a matsematsi, ciwon ya warke ta koma. Wannan kuwa ba ta da zafi, ba ta koma ba, sai ma wata ta ƙara fitowa a hammata.

Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Safana, ita ta fara kiran abin da sunansa. Ta zo a bayan mashin, ta tattaɓa wuyan ƙanenta kamar mai zaɓen kabewa, ta ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, kada a kuskura a kai shi inda za a yi masa allura ko a tsaga. Ta kawo sassaƙe aka jiƙa masa, ya sha na wajen wata guda. Da ta dawo ta ga yadda wuyan riga ya yi masa yawa, Inna kuma ta gaya mata kullum da safe sai ta matse rigar barcinsa don zufa, ita da kanta ta sake magana. Ta ce a kai shi Katsina, idan ƙarfen ne ma a gwada. Gwaggo ba ta jin kunyar janye maganarta, abin da na daɗe ina sha'awa ke nan a halinta.

Ni aka ce in raka shi, don ni ne mai karanta Turanci a gidan. Sai dai ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. “Kai” ne, ko “yaron nan”. Idan yana da saƙo gare ni Inna yake gaya wa, ko da ina zaune a ƙofar ɗakin ina ji. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taso muka tarar, kuma ta dace da halina, don ni dama magana wahala take ba ni. A motar Katsina shi gaba ya zauna, ni can baya. Ba ma tashi sai hantsi ya ɗaga, bayan direbobin da suka fara wucewa sun bugo sun ce hanya lafiya.

A asibiti suka tsaga gefen wuyan, suka ciri ɗan guntun tsoka suka aika wani gari a duba. Mako uku muka jira. Likitan da ya karanta mana sakamakon matashi ne, mai yawan barkwanci, yana kiran Baba “Baba” kamar nasa. Ya ce sankara ce ta ƙwayoyin jinin da ke zaune a cikin kaluluwa, kuma ba iri ɗaya ba ce, dangi ne babba. Wata tana tafiyar hawainiya, a yi shekaru ana zaune da ita. Wata tana gudu. Ta Baba mai gudu ce, amma abin mamaki, in ji shi, mai gudun ta fi jin magani.

Tambaya ɗaya Baba ya yi. “Zan yi noman bana?”

Likitan ya jawo takarda ya ce su ba masu duba ba ne, amma masu bincike sun tara labarin marasa lafiya masu yawa, suka gano abubuwa biyar da ke nuna inda ciwon ya fi karkata: shekarun mutum, nisan da ciwon ya yi a jiki, wani awo na jini, ko ya fita daga kaluluwa ya shiga wata gaɓa, sai kuma ƙarfin jikin mai ciwon, wato ko yana iya hidimarsa. Ya lissafa na Baba a gabanmu, ya ce biyu ne ba su yi masa daɗi ba, uku suna tare da mu. Ya ce yana sa rai, sauran na Allah ne. Na kwafe duk biyar ɗin a littafina tun kafin mu fita.

Maganin sau shida za a yi, duk bayan mako uku. Kala huɗu ne a haɗe: biyu ta ƙarin ruwa, ɗaya daga cikinsu ja ne har fitsari yakan canza, sai wani ɗan kaɗan fari a ƙaramin sirinji, sai ƙwayoyi na kwana biyar. Akwai na biyar, sabo, wanda aka ƙera shi ya gane ƙwayar ciwon ya manne mata. Likitan ya faɗi tsadarsa, muka ga ya fi ƙarfinmu, shi kuma bai sake tayar da zancen ba. A shekarun nan ko huɗun sai da dangi suka haɗa hannu.

Ranar farko likitan ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya ga littafi a hannuna, ya ce to malam, ga aiki. In riƙa rubuta duk abin da na gani: zazzaɓi, gyambon baki, rashin bayan gida, da mutuwar yatsun hannu ko na ƙafa. Ya ce zazzaɓi ba a jira da shi, a taho a ranar. Na ƙarshen kuma, ɗan farin maganin nan ne ke kawo shi, yana taɓa jijiya. “Shi awon jini ba ya nuna mini shi,” in ji shi. “Sai an gaya mini.”

Baba yakan shirya wa ranar asibiti kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kwana biyu kafin ranar ba ya fita ko'ina, yana tara ƙarfi. Inna ta wanke masa farar rigarsa mai maɓalli a wuya, a kai wa mai guga, ya ɗora babbar riga a kai, ya kafa hula ta rufe kan da gashi ya zube. Idan muka shiga ɗakin likita sai ya miƙe ƙirji, a yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi likita iyali da aiki da gajiya. Idan aka ce masa ya jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka yake amsa wa kowa, haka na ji kakana yana amsawa kwana biyu kafin ya rasu. A wurinmu mai ciwon da ke lissafa ciwonsa ana yi masa kallon marar godiya.

Kuma da farko gaskiya yake faɗa. Bayan karo na biyu kumburin wuyan ya sace kamar an zuƙe shi, na hammata ya ɓace, zufar ta tsaya. Gwaggo ta zo dubiya ta ce ai sassaƙenta ne ya fara karya lagon ciwon, likita ya zo ya tarar da aiki ya yi rabi. Baba ya yi dariya, ya ce to ta je Katsina a ba ta ofis.

Bayan karo na uku ne na fara ganin wasu abubuwa. Buta ta suɓuce masa sau biyu a rana ɗaya. Ya daina jan carbi, sai dai ya riƙe shi a dunƙule. Wata rana yana dawowa daga masallaci takalminsa na dama ya fita, ya yi taku huɗu ko biyar bai sani ba. Inna ta kira ni bayan ɗaki ta gaya mini, tana kallon ƙasa, cewa yanzu ita ke ɗaure masa mazagin wando, ita ke sa masa maɓalli. Duk na rubuta, da rana da lokaci.

A karo na huɗu likitan ya tambaye shi kai tsaye ko hannu da ƙafa suna yi masa wani iri. Baba ya ce lafiya lau. Likitan ya miƙo hannu ya ce ya matse. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da fartanya ne, ya matse har likitan ya yi 'yar ƙara yana dariya, ya ce Baba zai karya shi. Sannan ya juyo ya dube ni. Littafin yana aljihun gabana, ina jin nauyinsa. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban baƙo in ce maganar ubana ba haka take ba? Na sunkuyar da kai. Bayan awa guda ina tsaye a gefen gado ina kallo ma'aikaciyar jinya ta tura ɗan farin maganin nan duka a jijiyarsa.

Makonni ukun da suka biyo baya na yi su ne a shagon cajin waya na bakin kasuwa. Na nemi izini a makaranta, na ce ina jinya. Idan wayata ta ɗan samu wuta sai in zauna kan benci in yi ta karatu, ina duba ma'anar kalmomin da suka fi ƙarfina. Na karanta cewa a ƙasashen da suka ci gaba ana ɗaukar wani hoto a tsakiyar magani, ya nuna ko ciwon ya lafa ko yana nan a ɓoye, sai a ƙara magani ko a rage. Na karanta cewa ana binciken yadda za a gano ɓurɓushin ciwon a cikin jini tun kafin kumburi ya dawo. Har akwai inda ake ɗibar ƙwayoyin jinin mai ciwon, a horar da su, a mayar masa su yaƙi ciwon. Ina karantawa ina jin daɗi kamar abin namu ne, in ɗago kai in ga jaki ɗauke da itace yana wucewa.

A nan kuma na karanta labarin ɗan farin maganin. Idan aka lura da wuri aka rage shi, jijiyar takan farfaɗo. Idan aka ci gaba, takan iya mutuwa ke nan. Na maimaita layin sau uku. Duk wannan bincike da aka yi a duniya, abin da ya rage a kan yatsun Baba jimla ɗaya ce da za a faɗa wa likita, kuma ni aka ba amanar faɗinta.

Lokacin ɓarar gyaɗar iri ne, ana shirin damina. Da can Baba ne kan gaba, yakan ɓare kwano biyu yana hira. A wannan karon ya zauna gefen tabarma ya sa hannuwansa cikin riga, ya ce idonsa ne ba ya gani sosai.

Na hau mashin na tafi Safana wurin Gwaggo, don ita kaɗai ke iya gaya masa magana yadda take. Na karanta mata abin da na rubuta. Washegari ta zo Batsari, ta shiga ɗaki ta zauna da shi, ni ina waje ina jin rabin zancen. Bai yi musu ba. Ya ce mata yaron likitan nan yana iya ƙoƙarinsa, kumburi ya tafi, wanda Allah ya ɗauke wa dutse ba ya kukan tsakuwa. Can sai ya rage murya ya faɗi ainihin abin da ke ransa: idan ya ce maganin yana cutar da shi za su tsayar, kuma ya ga wani mutumin Tsaskiya a layin asibiti da aka tsayar wa magani, ciwon ya dawo masa. Saura biyu kawai, zai daure. Ya ce kada wanda ya kai wannan zance Katsina.

Gwaggo ta fito tana gyara mayafi, ta same ni a zaure.

“Na gaya mai, bai ji ba. Tun yana yaro haka yake, ko ƙaya ta soke shi sai ta ruɓe ake sani.”

Na ce to yanzu yaya za a yi.

“Ni kake tambaya? Ni ka gani ina shiga ɗakin likita? Kai da ka cika littafi da rubutu, baki kuma kamar an ɗinke. Mi amfanin karatun, ɗan nan?”

Amma a maganarta na samu hanya. Bakin ne ba zai buɗu ba, hannuna kuwa lafiyarsa lau.

Ranar da za mu koma karo na biyar na yage shafi ɗaya na rubuta da Turanci, layi shida, da ranakun: buta, carbi, takalmi, mazagi, maɓalli, gyaɗa. Na ninke na sa a cikin katin asibiti, wanda dama ni ke riƙe shi. Tun daga Batsari har Katsina hannuna yana kan aljihun. Sau biyu na yi niyyar cire takardar.

Aka yi gaisuwa kamar kullum. Likitan ya buɗe katin, ya ga takardar, ya karanta bai ɗago ya dube ni ba, abin da har yau nake gode masa. Ya ajiye biro. Ya ce, “Baba, rigar nan ta yi kyau. Ɓalle mini maɓallin wuyan nan ka mayar, in gani.”

Baba ya kai hannu. Yatsun suka yi ta yawo a kan maɓallin, suna wuce shi suna dawowa. Ya gwada da hannu biyu. Ana jin fanka tana juyawa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. A ƙarshe ya sauke hannuwansa kan cinya, ya dubi katin da ke gaban likita, sannan ya dubi bango. Ni bai dube ni ba.

Likitan ya ce ya cire takalmi, ya gwada tafin ƙafarsa da tsinke, ya sa shi ya taka da dunduniya zuwa bakin ƙofa. Sannan ya ce daga yau an cire ɗan farin maganin, sauran ukun za a ci gaba da su yadda aka tsara.

“Ba za a tsayar ba?” in ji Baba.

“Wa ya ce za a tsayar? Ɗaya muka sallama, shi ma don ya yi ɓarna ne. Ciwon yana gudu, Baba, ba za mu bar shi ya huta ba.”

Ya juyo gare ni ya tambaya tun yaushe abin ya fara, ko da yake yana rubuce a gabansa. Ina jin so yake in faɗa da bakina. Na ce tun bayan na uku. Bai yi mini faɗa ba, ya rubuta kawai. Ya ce jijiya a hankali take tsirowa, kamar saiwar bishiya. Wani abin zai dawo, wani ƙila ba zai dawo ba, sai an ga watanni.

A hanyar komawa Baba bai ci ƙosan da na saya masa a tasha ba. Da muka isa gida ya shige ɗaki. Da la'asar Inna ta fito da saƙo: ya ce a tambayi yaron nan wa ya koya masa kai ƙarar ubansa. Ta faɗa ne kawai don an aiko ta, ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Kwana tara idan na gaishe shi da kai yake amsawa. Na fi shan wahalar waɗannan kwanaki fiye da duk zirga-zirgar asibitin, kuma ban taɓa tunanin in ba shi haƙuri ba, don ban san a kan me zan bayar ba: a kan na faɗa, ko a kan na yi jinkirin faɗa.

A karo na shida, da aka tambaye shi jiki ya amsa yadda ya saba, sai ya nuna ni da haɓa ya ce sauran bayani yana wurin wannan. Na buɗe littafina na karanta, har da abin da ya shafi bayan gida. Baba yana kallon fanka.

Bayan wata guda aka sake awo da hoto, ba a ga kumburi ko'ina ba. Likitan bai ce an warke ba. Ya ce ciwon ya kwanta, a riƙa zuwa duk wata uku, kuma shekaru biyun farko su ne abin lura. Idan aka haye su lafiya, yawanci ba ya dawowa. Na tambaye shi a waje, ni kaɗai, ko da na yi magana a karo na huɗu da yatsun sun tsira. Ya ce ba wanda zai iya sani, wasu tun allurar farko jijiyarsu ke taɓuwa. Na gane amsa ce ta gaskiya, na kuma gane akwai tausayi a cikinta. Har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba.

Ƙafafun suka dawo kafin ruwa ya sauka, hannun hagu ma haka. Babban yatsa da manuniya na dama su ne suka ƙi.

Da aka yi ruwan shuka muka fita gonar aro da sassafe, ni da shi. A gidanmu Baba ba ya barin kowa ya zuba iri. Wani ya sari rami da sungumi, shi ya bi baya da ƙwarya yana zuba gero yana rufewa da ƙafa, don ya ce hannun yara ba shi da ma'auni. Na ɗauki sungumi na fara sara, na yi layi ɗaya na waiwayo. Yana tsaye a rami na uku. Ya tsunkulo gero, ya buɗe yatsu, babu abin da ya faɗa, don bai ɗebo komai ba. Ya sake, wannan karon ya zubo da yawa har ya watse gefen ramin. Ya gwada da hagu, hannun bai saba ba.

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya tako inda nake, ya miƙo mini ita, ya karɓi sungumin. Riƙon ƙota bai gagare shi ba, tafin hannu ke yin wannan. Ya shiga gaba yana sara, ramukan suna fita a jere kamar an ja igiya, ni ina bin sa a baya ina zubawa.

Mun yi layi huɗu ya tsaya, ya dawo ya leƙa ramin da ban riga na rufe ba.

“Kai, rage hannu,” ya ce. “Shuka muke yi, ba kaji kake ba tsaba ba.”

Na rage. Ya tsaya ya ga na zuba rami biyu, ya gyaɗa kai, ya koma gaba.